Ruwan da ke Ƙarƙashin Birni: Tambayoyi da Amsoshi kan Rijiyoyi, Burtsatse da Makomar Ruwa a Kano da Takwarorinta

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin magidanta, masu unguwanni, masu gina sababbin gidaje da masu sana'ar ruwa, musamman idan bazara ta kama, rijiyoyi suka ja baya, kuɗin jarka ya tashi. An ɗauki Kano a matsayin babban misali domin ita ce ta fi kowane birni a Arewa yawan jama'a, amma an leƙa wasu birane na kusa da na nesa a duk inda labarinsu zai haska namu. An sa wa tambayoyin lamba domin sauƙin komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mene ne ruwan ƙarƙashin ƙasa? Wani kogi ne yake gudana a can ƙasa?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa akwai kogi ko tafki a can ƙasa, wanda mai haƙa yake hudawa ya tarar. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Ruwan yana kwance ne a cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko kuma a cikin tsagogin dutse, kamar yadda soso yake riƙe ruwa. Duk wanda ya taɓa tona yashin kogi da rani, ya ga ruwa ya tsattsafo ya taru a ramin, to ya ga abin da idonsa. Irin wannan shimfiɗa ta yashi ko ruɓaɓɓen dutse, wadda take riƙe ruwa kuma take sakinsa idan an haƙa, ita za a riƙa kira makwancin ruwa a amsoshin da ke tafe.

Asalinsa kuwa ruwan sama ne. Idan an yi ruwa, wani ya bi kwata ya tafi rafi, wani rana ta shanye, wani tsirrai su zuƙe, sai ɗan abin da ya rage ya nitse a hankali har ya isa makwanci. A Kano ruwan shekara yakan kai wajen milimita 800 zuwa 900, kusan dukansa kuma tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, kuma abin da yake kaiwa ƙasa ƙaramin kaso ne ƙwarai. Wato adashe ne da ake zubinsa wata huɗu, ana ɗaukarsa wata goma sha biyu.

2. Me ya sa burtsatse take ba da ruwa sosai a wani gari, a wani kuwa sai an sha wahala?

Bambancin yana ga irin ƙasar da garin yake zaune a kai. Mafi yawan birnin Kano, da Zariya, da Kaduna, da Abuja, suna kan tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya leƙo waje a Kufena da Zuma. Shi wannan dutse ba ya shan ruwa. Abin da yake riƙe ruwan shi ne samansa da ya ruɓe a tsawon zamani, wanda kaurinsa bai cika wuce mita 20 zuwa 40 ba, sai kuma tsagogin da ke ƙasa da shi. Shi ya sa gida biyu suke iya zama katanga ɗaya, ɗaya ya dace da tsaga ya sami ruwa, ɗayan ya haƙa ya fito da ƙura. Damagaram ma a kan irin wannan dutse take, kuma shi ne tushen tsohuwar matsalar ruwanta, har ta kai sai daga rijiyoyin da ke can bayan gari ake janyo mata shi.

Maiduguri da Sakkwato kuwa suna kan manyan kwari ne da yashi da laka suka cike su hawa-hawa. A ƙasar Borno makwanci uku ne, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Lokacin da aka fara huda na tsakiya, a shekarun 1950 da 1960, ruwa da kansa yake tunkuɗowa sama ba tare da famfo ba. An bar da yawa daga cikin rijiyoyin nan suna kwarara dare da rana, ƙarfin tunkuɗar ya yi ta raguwa, wasu suka daina gaba ɗaya. Ruwan da ke can kuwa ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu damshi, kuma damunar bana ba ta kai masa. Saboda haka kowane iri da tasa matsalar: makwancin Kano ƙarami ne amma damuna tana sabunta shi, na Borno mai zurfi babba ne amma abin da aka ɗiba ya tafi ke nan.

3. Me ake nufi idan an ce a yi amfani da ruwan ta hanya mai ɗorewa?

Abu biyu ake nufi. Na farko, kada abin da ake ɗiba a shekara ya riƙa wuce abin da yake komawa, idan aka haɗa shekarun wadata da na fari. Na biyu, kada a ɓata abin da ya rage, domin ruwan da ya gurɓace da wanda ya ƙafe duk ɗaya ne a wajen mai ƙishi. Saukar ruwan rijiya da rani da hawansa da marka ba abin tsoro ba ne, haka yake tun kaka da kakanni. Alamar haɗari ita ce a ga kowace shekara, bayan damuna ta ɗauke, ruwan bai koma inda ya tsaya bara ba.

4. Rijiyar gidanmu da ba ta taɓa ƙafewa ba yanzu tun watan Maris take ƙafewa. Ruwan sama ne ya ragu?

Da wuya a ɗora wa sama laifin duka. Gaskiya ne an yi munanan fari a wajen 1973 da 1984, amma tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo a yankin Sahel, duk da cewa yanzu ya fi zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci. Abin da ya canza ƙwarai shi ne yawan bakin da yake sha da kuma kayan ɗiba. Birnin da a da ganuwa ta kewaye mafi yawansa, yau ya mamaye ƙananan hukumomi takwas yana neman wuce su. Guga kuma yana da iyaka: ƙarfin hannun mai ja shi ne ma'auninsa. Sumo, wato famfon lantarki da ake zurawa cikin burtsatse, ba ta gajiya, tana iya zuƙe a awa ɗaya abin da gida guda zai kwana biyu yana ja da guga.

Sunayen unguwanni irin su Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki suna tuna mana lokacin da rijiya ɗaya take isar jama'a har ta zama alamar wuri. Yau a layi ɗaya ana iya ƙirga tankuna goma a kan ƙarafa, kowanne da burtsatsensa a ƙasa, kuma dukansu daga randa ɗaya suke kamfata. Ƙari a kan haka, hanyoyin da ruwa yake bi ya koma ƙasa suna toshewa, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta 7.

5. Maƙwabcina ya haƙa burtsatse, bayan 'yan watanni rijiyata ta ƙafe. Akwai alaƙa?

Sau da yawa akwai. Idan famfo ya fara ja, saman ruwan da ke kewaye da ramin yakan lotsa kamar mazurari, ya fi zurfi a jikin burtsatsen, yana raguwa yayin da ake nisa da ita. Idan gindin rijiyarka yana cikin da'irar wannan lotsawa, kuma bai kai zurfin inda ruwan ya sauka ba, sai ta bushe alhali ruwan yana nan ƙasa da ita kaɗan. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a auna ruwan rijiyar da asuba kafin a kunna famfon, a sake aunawa bayan ya yi awa biyu ko uku yana aiki, a yi haka kwanaki da dama. Idan ruwan yana sauka yana hawa daidai da kunnawa da kashewa, magana ta fito fili.

Wannan ba dalilin rigima ba ne, domin mafi yawan masu haƙawa ba su san hakan zai faru ba. Abin da aka fi samun nasara da shi shi ne a zauna gaban mai unguwa a daidaita, ko a taƙaita awannin ja, ko mai burtsatse ya fitar da kan famfo waje. Batun wanda yake da haƙƙi a kan ruwan yana amsa ta 12.

6. To ba sai a ƙara zurfi ba?

A ƙasar dutse irin ta Kano, ƙara zurfi ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba. Tsagogin da suke ɗauke da ruwa sun fi yawa a sama, kuma yayin da ake nitsawa nauyin dutse yana matse su. Wanda ya wuce mita 80 ko 100 bai sami ruwa ba, kowace mita da ya ƙara caca ce. Wani lokaci abin da ramin mai zurfi yake yi kawai shi ne zama ma'aji, ruwan sama-sama ya riƙa tsiyaya a cikinsa, mai shi yana zaton ya kai wata sabuwar jijiya. A ƙasar yashi da laka kuwa zurfi yana iya kai mutum ga sabon makwanci, sai dai idan kowa ya bi sahu, tseren ya koma can, kuma mai kuɗi ne yake cin sa.

Zurfi kuma ba shi ne tsabta ba. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan wata burtsatse mai zurfi da aka shayar da garin da shi daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000 yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, ya lalata haƙora, ya tanƙware ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga. Ba wanda ya zuba shi, daga jikin dutsen yake. Ana samun irin wannan sinadari da yawa a wasu sassan Filato da Gombe ma.

7. Mene ne laifin daɓe tsakar gida da siminti, da cike kududdufai?

Kowane tsakar gida da aka shafe da siminti, kowane fili da aka yanka aka gine, ƙofa ce aka rufe wa ruwan sama. Maimakon ya nitse, sai ya taru a titi ya zama ambaliya, sa'an nan ya bi magudana ya bar garin cikin 'yan awanni. Unguwar da ta yi kuka da ambaliya a Agusta ita ce kuma take kuka da ƙishi a Afrilu, kuma abu ɗaya ne ya jawo kukan biyu.

Kududdufan Kano sun samo asali ne daga ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Ba don ruwa aka yi su ba, amma sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna tare ruwan damuna suna shayar da shi ga ƙasa a hankali. Mai shakkar amfanin irin wannan rami ya dubi abin da ya faru a kewayen Yamai: tsakanin shekarun 1960 da na 2000, duk da fari, ruwan ƙarƙashin ƙasa a can hawa ya yi da wajen mita huɗu. Dalili shi ne sare daji ya sa ruwa yana gudu yana taruwa a tafkuna, daga gindin tafkunan kuma yake nitsewa. Wannan ba yabon sare daji ba ne, amma ya nuna cewa a ƙasashenmu ta wurin da ruwa ya kwanta ake samun mafi yawan zubi. An cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kansu, kuma ba a musun cewa waɗanda suka rage sun zama matattarar sauro da ƙazanta. Maganin kududdufi mai datti shi ne a hana kwata da shara shiga cikinsa, a kewaye shi, ba a binne shi ba.

8. Ruwan burtsatsenmu garai-garai yake, ba wari ba ɗanɗano. Ba shi ke nan ba?

Ido da harshe ba sa ganin abubuwan da suka fi cutarwa. A birnin da ba shi da bututun kwashe bayan gida, kowace shadda da kowace sokawe tana tsiyaya ne cikin ƙasar da rijiya take sha. Abin mamaki ma shi ne wannan tsiyaya, tare da yoyon tsofaffin bututun famfo, tana cikin abin da yake ciyar da makwancin ruwan tsakiyar birni, don haka a wasu tsofaffin unguwanni ruwan bai yi ƙasa sosai ba, lalacewa ya yi. Ta nan ƙwayoyin kwalara da taifot suke samun hanya, haka ma sinadarin naitiret, wanda yake da haɗari ga jarirai. A kusa da Sharaɗa, Challawa da Bompai kuma akwai ruwan masana'antu, musamman na jima, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam. Ga tsofaffin tankunan gidajen mai, ga baƙin man garejoji, ga juji. Ruwa ba ya tsami banza.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta cutar da ke nuna bayan gida a cikin mililita 100, kada naitiret ya wuce miligiram 50 a lita, fulorayid kada ya wuce 1.5. Nijeriya ma tana da nata ma'aunin ruwan sha tun 2007. Ya kamata a kai ruwa ɗakin gwaji da zarar an gama haƙa, sa'an nan a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara, an fi so a tsakiyar damuna lokacin da datti ya fi motsi. Tafasawa da kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa cire naitiret ko ƙarfe mai guba. Alim kuwa kwantar da laka kawai yake yi.

9. Nawa ya kamata tazara ta kasance tsakanin masai da rijiya?

Abin da aka saba ba da shawara shi ne mita 30, masai ya kasance ta gangare, kuma gindinsa ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa yake kaiwa da marka. Duk wanda ya san fulotin birni ya san da wuya wannan tazara ta samu, domin ko ka nisanta da naka masai, na maƙwabci yana bayan katanga. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsarin kowane gida da burtsatsensa, kowane gida da sokawensa, ba zai ɗore a unguwa mai cunkoso ba. Inda tazarar ta gagara, sai a dage a kan toshe wuyan burtsatsen da siminti kamar yadda aka bayyana a amsa ta 16, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, kuma a riƙa sa wa ruwan sha magani.

10. Ana cewa yawan burtsatse yana sa ƙasa ta nitse ko ta yi girgiza. Gaskiya ne?

Nitsewa gaskiya ce, amma ba ko'ina ba. Tana faruwa ne inda birni yake zaune a kan laka mai taushi: idan aka zuƙe ruwan da ke tallafe da ita, sai ta matse, kuma ba ta sake kumbura ko da ruwan ya dawo. Birnin Meziko, wanda aka gina a kan busasshen tafki, ya nitse da wajen mita goma a cikin ƙarni ɗaya. A arewacin Jakarta akwai wuraren da suka riƙa nitsewa da kusan santimita 25 a shekara, wajen kashi 40 cikin 100 na birnin yana ƙasa da teku, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa a 2019 gwamnatin Indonesiya ta sanar da mayar da babban birni tsibirin Borniyo. A Nijeriya, Legas da garuruwan bakin teku su ne suke da wannan fargaba, tare da wata: idan aka ja ruwan daɗi da yawa, ruwan gishiri yakan kutso ya maye gurbinsa.

Kano da Abuja a kan dutse suke, dutse kuma ba ya matsewa kamar laka. Bayan motsin ƙasar da aka ji a Mpape a watan Satumba na 2018 an yi ta ambaton burtsatse da fasa duwatsu, amma ramin da faɗinsa bai kai taki ɗaya ba, zurfinsa kuma mita 60 ko 100, ba shi ne abin da ya kamata ya hana mazaunin Kano barci ba. Haɗarin da ke gabansa ƙafewa ne da gurɓacewa.

11. Akwai birnin da ya shiga wannan hali ya fita?

Akwai. Wasu sassan Tokiyo sun nitse da fiye da mita huɗu saboda jan ruwan masana'antu. Japan ta kafa dokoki a 1956 da 1962, aka taƙaita ja, aka kawo wa masana'antu ruwan kogi ta bututu, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1970 nitsewar ta kusan tsayawa, ruwan ƙasa ya dawo sama. Saboda Bankok, gwamnatin Tailan ta yi dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa a 1977, daga baya ta sa wa masu ja kuɗi tana ƙara shi a hankali, tana kuma faɗaɗa ruwan famfo, har nitsewar da ta kai santimita goma a shekara ta ragu zuwa ɗaya ko biyu. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an wajabta wa kowane gini tara ruwan sama a 2003, rijiyoyin Cennai suka farfaɗo, amma da aka yi sakaci da kula da ramukan, fari kuma ya zo, sai ga manyan madatsun birnin huɗu sun ƙafe a 2019.

Abin lura a labarin Tokiyo da Bankok shi ne ba a ce wa mutane su daina ja ba sai da aka ba su madadi. Dokar hana haƙa burtsatse a unguwar da famfo bai taɓa zuwa ba, takarda ce kawai.

12. Ruwan da ke ƙarƙashin filina ba nawa ba ne? Me doka ta ce?

Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya iko a kan ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashinta da ya shafi fiye da jiha ɗaya, amma ta bar wa mutum damar ɗibar ruwan amfanin gida da shayar da dabbobi ba tare da biya ba. Ƙoƙarin sabunta dokar ya sha tayar da ƙura a Majalisar Tarayya tun daga 2018, domin jama'a da dama sun ɗauke shi a matsayin yunƙurin ƙwace ruwa da filaye daga jihohi. A aikace, mafi yawan burtsatsen gidaje ana haƙa su ne ba tare da wata hukuma ta rubuta inda suke, ko zurfinsu, ko abin da suke ja ba. Wannan rashin rajista ya fi rashin doka illa, tun da ba a iya tsara abin da ba a ƙirga ba.

A fiƙihun Musulunci kuwa maganar tsohuwa ce. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kuma malamai sun yi bayanin harimin rijiya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ita a cikinsa ba. Wanda ya kashe kuɗinsa ya haƙa yana da fifiko a kan abin da ya fitar, amma ba shi da ikon cutar da maƙwabci. Wannan ƙa'ida ta fi kusa da yadda ruwan yake a zahiri, domin shi bai san katanga ba.

13. Ga Tiga ga Challawa, me ya sa har yanzu Kano take dogaro da burtsatse?

Kano ta daɗe da sanin ruwan famfo: tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo shi daga Challawa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga matatun Tamburawa da Watari. Matsalar ba rashin ruwa a madatsa ba ce. Tsakanin madatsa da tsakar gida akwai matata, da injinan turawa masu buƙatar lantarki ba yankewa, da bututun da suka tsufa suna yoyo, da sababbin unguwannin da aka gine kafin a shimfiɗa musu ko bututu ɗaya. Akwai kuma wani zagaye mai wuyar fita: ruwa ba ya zuwa, mutane ba sa biya, hukuma ba ta da kuɗin gyara, masu hali su haƙa tasu su cire hannu daga neman a gyara.

Birni mai miliyoyin mutane a kan dutse ba zai rayu da ruwan ƙasa kaɗai ba. Ruwan madatsa ne ya kamata ya ɗauki babban kaya, a bar na ƙasa ya zama na cike giɓi da na ranar fari. Sai dai shi ma ruwan madatsa ba kyauta ba ne: abin da aka tare a sama ya rage ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja da Nguru, wadda manoma da masunta da rijiyoyin can suke rayuwa da ita.

14. 'Yan garuwa, masu fiya wata da masu wankin mota fa? Ba su ne suke ƙarar da ruwan ba?

Ɗan garuwa mai tura kura ba shi ne matsala ba, shi ne ma bututun talaka, kuma wanda yake sayen ruwa jarka-jarka ya fi kowa tattalinsa, ya kuma fi kowa biyan sa da tsada. Inda ya kamata a sa ido shi ne manyan masu ja: masu cika tankoki, kamfanonin ruwan leda da na roba, otal-otal, masana'antu, wuraren wankin mota. Su ne ya dace a fara yi wa rajista da mita da kuɗi, ba magidanci mai famfon tuƙa-tuƙa ba. Rajistar NAFDAC ingancin abin da ke cikin leda take dubawa, ba yawan abin da aka zuƙe daga ƙasa ba.

Sola ta shigo da sabon salo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun ajiye janareta sun koma hasken rana, wanda alheri ne ga aljihu. Amma a da tsadar mai ce take sa a kashe famfo da zarar tanki ya cika. Yanzu ba abin da yake tsawatarwa, sai ka ga tanki yana ambaliya tun hantsi har la'asar. Ɗan makunnin da yake kashe famfo idan tanki ya cika ba shi da tsada.

15. Me magidanci ɗaya zai iya yi a gidansa?

Ya fara da rufinsa. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, a shekarar da aka yi ruwa milimita 800, lita 80,000 ce take sauka a kansa. Ko da kashi ɗaya cikin biyar ya zube, saura lita 64,000, wato jarka 2,560 mai cin lita 25. Gida mai mutum goma da kowa yake amfani da lita 50 a rana, wannan ruwan wata huɗu ne cur. Ba kowa yake da tankin da zai ɗauke shi duka ba, kuma ba a buƙatar haka: a cika abin da ake da shi, ragowar a bi da shi ta indararo zuwa wani rami da aka cika da duwatsu da tsakuwa da yashi, ya nitse a nan cikin gida. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya tafi, a nisanta ramin da masai da harsashin gini, kuma kada a taɓa zuba ruwan titi ko na kwata kai tsaye cikin rijiya ko burtsatse da sunan ciyar da ƙasa.

Sauran abubuwan sanannu ne. A bar wani sashe na tsakar gida ba daɓe, ko a sa intaloki a kan yashi maimakon siminti. A gyara famfo mai ɗiga. Gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi su yi burtsatse ɗaya mai inganci maimakon kowa ya huda tasa. Tsohuwar rijiyar da ta ƙafe kuwa kada a mayar da ita masai ko juji, kamar yadda ake yawan yi, domin hakan zuba ƙazanta ne kai tsaye cikin ruwan unguwa. Ko a rufe ta da murfi a bar ta don awo, ko a cike ta da ƙasa mai tsabta.

16. Idan haƙawar ta zama dole, me zan nema daga mai haƙa?

Kafin mota ta shigo, a yi binciken ƙasa da na'ura a wurare biyu ko uku, a kuma tambayi maƙwabta zurfin nasu da yadda yake yi musu a watan Afrilu da Mayu. An fi so a haƙa a ƙarshen rani, domin ramin da ya ba da ruwa a lokacin ya fi yiwuwa ya ba da shi duk shekara, na tsakiyar damuna kuwa yana iya yaudara. A rubuta yarjejeniya a kan abin da zai faru idan ba a sami ruwa ba. A tabbatar an zuba tsakuwa mai tsabta a kewayen bututu, an kuma toshe mitocin farko na sama da siminti, domin ta nan ne ruwan kwata yake silalewa ya shiga. Wannan toshiya ita ce aka fi yawan tsallakewa don rage kuɗi, tun da mai gida ba ya ganin ta.

Bayan an gama, a yi gwajin ja na awanni da dama a ga abin da ramin zai iya bayarwa, sa'an nan a sayi sumo daidai da shi, domin wadda ta fi ƙarfin rami tana zuƙe shi ta ja iska ta ƙone. A karɓi takardar da ta nuna zurfi, da irin ƙasar da aka ratsa, da inda ruwa ya tsaya, a adana ta tare da takardun gida. A kai ruwan gwaji kamar yadda aka faɗa a amsa ta 8. Daga nan sai a ɗauki al'adar awo: igiya mai alamar mita da ɗan ƙarfe a bakinta ta isa a rijiya, sau biyu a shekara, ƙarshen Mayu da ƙarshen Satumba, da asuba kafin a fara ɗiba, a rubuta a littafi. Idan masallaci ko makaranta ɗaya a kowace unguwa ta riƙe irin wannan littafi shekara biyar, mai unguwa zai sami lambobin da zai ajiye a gaban hukumar ruwa idan ya je neman a kawo bututu.